Shekaruna a Cikin Aureol, Farin Jirgin Apapa

Duk wanda ya zauna a Legas tsakanin 1951 da 1974 ya san Aureol, ko da bai taɓa taka tsaninsa ba. Jirgi ne fari fat, bututun hayaƙinsa ruwan ɗorawa. In ya shigo daga teku ya nufi Apapa, mutanen da ke kan titin Marina sukan bar abin da suke yi su tsaya kallo. Ni a cikinsa na ci ƙuruciyata. Na shige shi ina saurayi a 1960, ban rabu da shi ba sai da aka ɗaure shi a Southampton a watan Oktoba na 1974. Yanzu ido ya yi rauni, jikata ce take rubuta abin da nake faɗa.

A zangon Agege aka haife ni. Baba mutumin ƙasar Kano ne, fataucin goro ya kawo shi kudu. Tun zamanin su Alhassan Dantata Hausawa suka gane goron Gwanja ya fi saurin isowa ta ruwa: a loda huhuna a Sekondi ko Accra, a sauke a Legas, jirgin ƙasa ya kai Kano. Baba ya sha bin wannan hanya, yana kwana a buɗaɗɗen saman jirgi kusa da kayansa, yana yayyafa wa ganyen ruwa kada goro ya bushe. Don haka teku ba baƙuwa ba ce a gidanmu. Abin da ya zama baƙo shi ne ɗan gidan ya ce aiki zai yi a cikinta.

Na fara da aikin boyi a gidan wani Bature a Ikoyi, shi ya ba ni takardar da ta kai ni ofishin ɗaukar ma'aikatan jirgi. Da na gaya wa Baba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kai yanzu da hannun da kake shafa addu'a za ka ɗauki kwalbar giya da naman alade ka kai wa mutane?" Ban da amsa. Inna kuwa ba wannan ne ya dame ta ba, ita tsoronta kada in mutu a jefa ni ruwa ba sutura. Limamin zango ne ya raba gardamar. Ya ce in tafi, amma in riƙe salla, in nemi aikin da zai nisanta ni da mashaya, kuma duk dawowa in zo ya ga idona. Allah ya jiƙansa, na cika masa ukun nan gwargwadon iko. A ɗakin cin abinci na samu wani Kirista mutumin Saliyo muka yi yarjejeniya: shi zai ɗauki abin da ba na son taɓawa, ni kuma in karɓe masa rabon shayin asuba, tunda ko yaya ina tashi salla. Shekara da shekaru a haka muka yi, bai taɓa yi mini gori ba.

Jirgin na kamfanin Elder Dempster ne, na Libaful, wanda ya daɗe yana riƙe da hanyar Afirka ta Yamma. Yaƙin Duniya na Biyu ya cinye musu manyan jiragen fasinja: Accra da Apapa na kafin yaƙi sun nutse a 1940, Adda a 1941, Abosso a 1942 da ɗaruruwan rayuka. Akwai wani tsohon mai wanki a cikinmu da ya yi aiki a wancan lokaci, ko sunan Abosso aka ambata sai ya tashi ya bar wurin. Bayan yaƙi kamfanin ya sa aka ƙera sabuwar Accra a 1947 da sabuwar Apapa a 1948, sannan aka zo da na ukunsu wanda ya fi su girma. A Gilasgo ta Sikotland aka ƙera shi, a masana'antar Alexander Stephen da ke bakin kogin Clyde. An tura shi ruwa a watan Maris na 1951, ya yi tafiyarsa ta farko daga Libaful zuwa Legas ranar 3 ga Nuwamba na shekarar. Tan 14,083 ne, tsawonsa ƙafa 537, gudunsa kamar kilomita 30 a awa. Yana ɗaukar fasinja 253 a faskila, 76 a aji na biyu, mu ma'aikata kuma 145. Sunan wani dutse da ke bisa Freetown aka ba shi, dutsen da kwalejin Fourah Bay take kai, kuma duk lokacin da muka shiga tashar abokan aikinmu 'yan Saliyo sai sun nuna mana shi da yatsa, kamar ba mu taɓa gani ba.

Jiragen uku suna karɓa-karɓa, kowane mako biyu ɗaya ya tashi daga Libaful. Su ne ke kawo wasiƙu, don haka ranar isowarsu rana ce da ake ƙirgawa tun daga Sakkwato har Yola. Jirgin ƙasa na musamman yana shigowa har bakin ruwa a Apapa ya kwashi masu zuwa Kaduna da Jos da Kano. Tafiyar kusan mako biyu ce. Daga Apapa sai Takoradi, bayan an buɗe tashar Tema a 1962 kuma sai Tema, sai Freetown, wani lokaci a ratsa Monrovia ko Bathurst wadda yanzu ake kira Banjul, sai Las Palmas a tsibiran Canary a sha mai, daga nan a miƙe Ingila.

Ma'aikatan sama, kyaftin da hafsoshinsa da manyan injiniyoyi, Turawa ne. Mu na ƙasa, masu girki da wanki da goge-goge da kai abinci, Ibo ne da Ijo da Yarbawa da Kuru da mutanen Saliyo. Hausawa ba mu cika hannu ba. Shekara ɗaya kafin in shiga, a 1959, ma'aikatan jirgin Apapa 'yan Najeriya suka sauka daga jirgi a Libaful suka ƙi komawa aiki saboda ƙorafin wariya, har gwamnati ta kafa kwamitin bincike. Magabatana a aikin suna yawan tuna wannan, sukan ce mini, "Yaro, darajar da ka tarar, wasu ne suka sa wuyansu." Na yarda da su har yau.

Da wankin faranti na fara, a wani ɗaki mai zafi inda tururi ba ya barin mutum ya ga na kusa da shi. Daga nan aka ɗaga ni zuwa kai abinci tebur, daga baya na zama mai kula da ɗakunan kwana. A tebur ɗin nan na ga abin da nake son a sani. Masu rubuta tarihi suna cewa mulki ya sauya hannu ranar 1 ga Oktoba, 1960. Ni a ɗakin cin abincin faskila na ga yana sauyawa, kujera bayan kujera, kuma ya ɗauki shekaru.

Lokacin da na fara, in ka leƙa ɗakin da dare za ka ga Razdan da Di'o da manajojin kamfanoni da matansu, kowa da baƙar kwat, baƙin mutum sai ɗaiɗai, alƙali ko minista ko babban lauya. 'Yan makarantarmu suna can aji na biyu. Sai tafiyar Turawan mulki ta kankama. Ina gane mai tafiyar da ba dawowa tun daga kayansa: akwatunan katako da yawa, burgamin fata na Kano, tabarma, tasoshin tagulla na Bida. Wani tsoho da ya yi shekaru yana Di'o a Arewa ya ji ina gaisawa da wani da Hausa, sai ya kira ni ya ce, "Samari, kai ɗan ina ne?" Hausarsa ta fi tawa tsabta, ni da na tashi a Agege. Kullum da safe in na kai masa shayi sai ya tsare ni da hira, yana tambayar farashin dawa da labarin damina. Ban ce mulkinsu alheri ba ne, mun san harajin da iyayenmu suka biya. Amma na ga mutum zai koma ƙasarsa yana jin tsoronta, kuma abin ya zauna mini a rai.

Su suna fita, namu suna shigowa. Gwamnatin Sardauna ta dage sai 'yan Arewa sun riƙe ofisoshin Arewa, sai aka yi ta tura samari kwas Ingila: aikin mulki, likitanci, aikin gona, koyarwa, aikin soja. Wasu ta sama suke tafiya, da yawa kuma ta wurinmu. Yawancinsu ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce kogin Kwara ba, shi ma ta tagar jirgin ƙasa a gadar Jebba. In na hangi hula a kan tsani raina sai ya yi fari. Nakan bari sai sun zauna, in matsa in ce, "Sannu da zuwa, Malam." Yadda fuskar mutum take sakewa in ya ji harshensa a inda bai zata ba, wannan ba a sayensa da kuɗi.

Akwai wani malamin firamare daga ƙasar Katsina da na lura ba ya zuwa cin abinci. Na same shi a ɗaki yana cin ƙuli-ƙuli da garin da ya taho da shi. Ba jiri ne ya hana shi ba, kunya ce. Ya ga cokula da wuƙaƙe jere a kowane gefen faranti, ya ga takardar abinci da sunayen da bai taɓa ji ba, yana tsoron ya ci haram ko a yi masa dariya. Da dare bayan an tashi na shigo da shi ɗakin ba kowa, na shirya masa tebur cikakke. Na nuna masa daga waje ake farawa ana shigowa ciki, na nuna masa yadda ake ajiye wuƙa da cokali mai yatsu in an ƙoshi, na karanta masa kalmomin da in ya gan su alade ne, na ce in ya rasa abin zaɓa ya ce kifi ko ƙwai. Ya ce, "Yayana, ai kai ne malamina na farko a wannan tafiya." Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma Yayana yake kirana har muka isa. Bayan wannan na mai da abin al'ada, duk ɗan gida da na ga yana ɗari-ɗari sai in yi masa wannan karatun dare. Wasu cikinsu sun zama manyan sakatarori da kwamishinoni. Shi malamin na sake ganinsa bayan shekaru, a faskila, da matarsa da 'ya'yansa. Ya tashi tsaye a gaban mutane ya kama hannuna biyu. Ba duka ne suka yi haka ba, wasu sun kau da kai kamar ba su san ni ba, kuma ban riƙe su ba. Mutumin da ya dawo da digiri ba ya son ganin wanda ya san ranar da hannunsa ke rawa.

Teku tana da wurin da take gwada kowa, shi ne mashigin Biscay, tsakanin Sifen da Faransa. In hunturu ne, jirgin da kake ganinsa gari guda sai ya koma kamar ƙwarya a kan ruwan rafi. Mukan jiƙa kyallen tebur don kada faranti su zame, mu ɗaga katakon gefensa, mu ɗaure kujeru. Ɗakin da ke cika da mutane sai ka ga bai fi a ƙirga su da yatsu ba. Mu kuma ba hutu, sai yawo da bokiti da busasshen burodi. Wata amarya da za ta bi mijinta ta kwanta har ta fara wasiyya. Na roƙi kuku ya ba ni garin hatsin da Turawa ke karyawa da shi, na dama shi ruwa-ruwa da citta da ɗan tsami, ya yi kama da kunu. Ta sha tana kuka tana sa mini albarka. Daga Las Palmas zuwa kudu kuwa ruwa lafiya lau, hafsoshi su sauya baƙaƙen kaya su sa farare, a cika wurin wanka, kifaye masu tashi su yi ta tsalle a gefenmu. A Freetown samari suna zuwa da kwalekwale suna nutso in fasinja ya jefa kobo.

Salla a jirgi tana da nata karatun. Alƙibla ba ta zama wuri ɗaya. Muna barin Legas muka fuskanci yamma tana bayanmu, muka juya arewa bayan Freetown ta dawo hannun dama, muna kusantar Ingila ta karkata kudu maso gabas. Wani ƙaramin hafsa ya ga ina wahala, sai ya riƙa zana mini kibiya a guntun takarda yana aiko mini da safe. Ban roƙe shi ba. A shekaruna azumi ya yi ta faɗowa cikin sanyi, a Libaful rana ba ta da tsawo, mu sha ruwa tun kafin ƙarfe biyar, amma in mun gangaro kudu mu biya bashin da ƙishirwa a ɗakin girki.

Libaful ta zama mini gari na biyu. Fasinja suna sauka a dandamalin da ke gaban dogon ginin nan mai tsuntsaye biyu a kai, jirgin ƙasa na Landan yana jiransu a gefe. Mu kuma mu wuce da jirgi wurin sauke kaya, mu nufi unguwar Toxteth inda baƙaƙen fata suke. A kasuwar gwanjo da ake kira Paddy's Market na sayi kwat ɗina ta farko. Juma'a kuwa a wani ɗaki muke yi cikin gida, tare da mutanen Yaman da Somaliya. A nan wani dattijo ya ba ni labarin Abdullah Quilliam, Baturen garin da ya musulunta ya buɗe masallaci a 1889, wanda kuma ya zo Legas a 1894 wajen buɗe masallacin Shitta-Bey. Masallacin da na sha yin salla a ciki ban san da wannan ba. Jinin fatauci kuma bai bar ni ba. Nakan taho da goro cikin ganye, 'yan makaranta da tsofaffin ma'aikatan jirgi suna jirana da shi, in koma da agogo da yadi da keken ɗinki. Da wannan na yi aure, da shi na gina wa Inna ɗaki na bulo.

Abin da ya fi taɓa ni a hanyar dawowa shi ne yara. 'Yan karatu da yawa, musamman mutanen kudu, in sun haihu a Ingila sukan ba wata Baturiya riƙon ɗan a ƙauye, suna biya duk mako, su kuma su fuskanci karatu da aikin dare. Ranar komawa gida sai a je a ɗauko yaro ɗan shekara biyar ko shida wanda bai san wata uwa ba sai waccan. Na ga yaron da ya riƙe ƙarfen jirgi yana kiran Baturiyar da ta tsaya a ƙasa, uwar da ta haife shi tana bayansa ta rasa inda za ta sa hannunta. Kwanakin farko ba sa cin abinci. Nakan kai musu madara da biskit, in zauna a bakin gado har su yi barci. Iyayen ba mugaye ba ne, neman abin da zai amfani yaran suka je. Amma an biya wannan ilimi da abin da ba a rubuta a takardar shaida ba, kuma a hannuna wasu suka yi kukansa.

Ranar 15 ga Janairu, 1966, muna cikin azumi, labari ya fito daga ɗakin rediyo cewa sojoji sun kashe Sardauna a Kaduna, Firayim Minista kuma ba a san inda yake ba. Na ajiye tiren da ke hannuna na shiga ma'ajin barguna na rufe ƙofa. Wanda ya zo ya same ni a can abokin kwanana ne, Ibo, mai gasa burodi. A Sabon Garin Kano ya girma, Hausa muke yi da shi, shi ke ajiye mini burodi mai zafi na sahur. Bai ce komai ba, ya zauna kusa da ni. Kafin shekarar ta ƙare sai ga shi ni ne na je na zauna kusa da shi, don wasiƙa ta same shi a Apapa cewa an kashe ƙanensa a rikicin Arewa, uwarsu ta gudu gabas da zanen jikinta. Na rasa bakin magana. Na ce, "Ɗan'uwa, ka yafe." Ya ce, "Kai me ka yi mini?" Muka ci gaba da kwana ɗaki ɗaya, gadonsa a sama nawa a ƙasa. A jirgi ba inda za ka guje wa mutum, dole ka kalli idonsa da safe, kuma ina ganin wannan ne ya tsare mu daga abin da ya cinye mutane a tudu. Da yaƙi ya ɓarke a 1967 Ibo da yawa suka bar aiki, wasu suka tsaya a Libaful, wasu suka nemi hanyar gida. Shi gida ya tafi neman uwarsa. Bayan an gama yaƙi a Janairun 1970 wasu sun dawo, na yi ta tambayarsu, ba wanda ya ba ni labarinsa. Har yau in na ji ƙamshin burodi da asuba shi nake tunawa.

A lokacin nan jirgin sama ya riga ya fara cin kasuwarmu. Tun 1964 kamfanin BOAC na Ingila ya sa jirginsa samfurin VC10 a hanyar Landan zuwa Legas, tafiyar da muke yi mako biyu ta koma ta yini ɗaya ba cikakke ba. Babban ma'aikaci ba zai ƙara ba da wata guda na hutunsa ga ruwa ba. Aka sayar da Accra a 1967 aka farfasa ta, Apapa kuma aka sayar wa mutanen Hong Kong a 1968. Aureol ya rage shi kaɗai, yana zuwa duk mako shida. Amma a shekarun nan ne ya fi zama namu. Faskila ta cika da manyan riguna da gwaggwaro, ana dafa shinkafa da miya mai yaji, makaɗa suna kaɗa irin na Gana da Legas da dare. Masu binmu a lokacin su ne waɗanda suka gama karatu suna dawowa da rayuwarsu gaba ɗaya, mota da firji da rediyo mai faifai da akwatunan littattafai, kayan da jirgin sama ba zai ɗauka ba. A Apapa dangi suna zuwa da ganguna da anko, a ɗaga mutum sama tun bai taka ƙasa ba.

Ranar 16 ga Maris, 1972 muka tashi daga Libaful tashin ƙarshe, aka mai da mu Southampton. Wannan ya yi mana ciwo, don da yawa cikinmu suna da mata da 'ya'ya a Toxteth. Sai tsadar mai ta 1973 ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. A tafiyar ƙarshe, cikin azumin 1974, kowa ya san an gama, amma ban ga wanda ya sassauta aiki ba. Mun goge tagulla, mun yi gugar kyallayen tebur, mun gyara gadaje kamar gobe za a sake cika su. Da fasinja suka sauka na bi ɗakunana ɗaya bayan ɗaya na ƙirga barguna na miƙa makullai. Ta jirgin sama aka dawo da mu Legas.

Ban sake neman aikin ruwa ba. Na kwashi iyalina muka hau Arewa, ƙasar da nake cewa tawa alhali ban taɓa zama a cikinta ba. Na yi aikin kula da ɗakin abinci a wani masauki a Kano har na yi ritaya, kuma duk yaron da na koya wa aiki, da tsarin Aureol na koya masa.

Wani tsohon abokin aiki ne ya gaya mini ba a farfasa jirgin ba. Attajirin nan na Girka, John Latsis, ya saye shi ya sa masa suna Marianna VI, ya kai shi Jidda a 1975 ya zama masauki da ofis na ma'aikatan kamfaninsa da ke aikin gine-gine a can. Da Allah ya nufe ni da aikin hajji a 1977, bayan mun sauko muna jiran jirgin komawa, na samu wani Bahaushe mazaunin Jidda ya kai ni wajen tashar. Ba a bar mu mun shiga ba, daga nesa na tsaya. Jirage sun yi yawa, amma ban yi minti ɗaya ina nema ba, na gane shi da ƙirar goshinsa da yadda benayensa suka hau juna. Na nuna wa mutumin tagogin ɗakunan da nake gyarawa. Shekara goma sha huɗu ina neman alƙibla a cikinsa, ga shi ya riga ni zuwa ya zauna a ƙofar Makka. Na yi kuka a wurin, ban ɓoye ba, mutumin ya yi ta ba ni haƙuri yana zaton wani nawa ne ya rasu.

Sauran labarin jikokina ne suka nemo mini a intanet. A 1980 an matsar da shi Rabigh, arewa da Jidda, ya ci gaba da wannan aiki na masauki. A 1989 aka kai shi Eleusis kusa da Atina aka ɗaure, ya yi shekara goma sha biyu a tsaye. A 2001 aka tafi da shi Alang a Indiya, inda ake tura jirgi kan yashi in ruwa ya cika, leburori su bi shi da wuta suna yanka ƙarfen gunduwa-gunduwa. Shekara hamsin cif ya yi a duniya, ashirin da uku yana ɗaukar fasinja. An nuna mini hotonsa na ƙarshe a waya, tsatsa ta zubo masa a gefe, na ce a kawar, a nemo mini wanda aka ɗauka a Apapa.

Cikin waɗanda muka yi aiki tare, ban san ko mutum ɗaya da ya rage ba. Mutumin Saliyo ya rasu a Freetown tun kafin yaƙinsu, ɗansa ne ya rubuto mini. Musulmin cikinmu ina sa su a addu'a bayan kowace salla, Allah ya jiƙansu ya yafe mana baki ɗaya. Mai burodi kuwa, in akwai wanda ya san wani Ibo ɗan Sabon Garin Kano da ya yi gashi a Aureol har zuwa 1967, ko ya san 'ya'yansa, ina roƙo a gaya musu ina Kano da raina, kuma ina nemansu.